Gidajen Talaka Da Suka Juya Wa Talaka Baya



'Yan uwa mazauna Agege da kewaye, iyayenmu, malamanmu, 'yan kasuwa, matasa da iyaye mata.

Tun ranar da aka kafa allon nan a bakin babban filin da ke bayan unguwarmu, mai hoton benaye da rubutun cewa gidaje ne masu sauƙin kuɗi, wayata ba ta huta ba. Wasu suna tambaya ina ake sayar da fom. Wasu suna cewa a tara matasa a hana aikin. Wasu kuma, waɗanda su suka fi yawa, cewa suke ba ruwanmu, mu da abinci muka zo nema. Ni dai na je taron da kamfanin ya kira, na ga zanen ginin da idona, na ɗauki hotonsa a waya, na zauna da wani ɗan'uwanmu magini ya karanta mini shi layi-layi. Abin da na gani shi ya hana ni yin shiru. Kwamiti ya ce kada in ambaci sunan kamfanin tukuna, tunda ƙofar tattaunawa a buɗe take, kuma na bi umarni. Amma abin da ke cikin zanen kam zan faɗe shi.

Kafin wani ya juya mini magana, ga matsayina. Ina son a gina gidajen nan. Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Legas, ya biya kuɗin shekara, ya biya na ejan, ya biya na yarjejeniya, sannan bayan shekara ɗaya mai gida ya ƙara masa haya, ba zai yi faɗa da sabon gini ba. Muna da magidanta da mata da 'ya'ya biyar a ɗaki ɗaya. Muna da samari da ke kwana a shago da barandar masallaci. Gidaje muna buƙatarsu kamar yadda muke buƙatar ruwan sha. Sai dai wannan zane, idan aka gina shi yadda yake a takarda, zai cuci unguwar da aka ce dominta ake yin sa. Kuma Bahaushe ya ce tun ran gini ran zane. Yanzu da ba a zuba harsashi ba, gyara aikin fensir ne da abin gogewa. Idan siminti ya bushe, gyara ya zama aikin guduma, kuma ba wanda zai yarda ya rushe abin da ya kashe wa kuɗi.

Ga abin da zanen ya ƙunsa a taƙaice. Benaye ne a jere, kowanne hawa huɗu, cikinsu filat-filat masu ɗaki biyu da falo ko uku da falo. An zagaye su da doguwar katanga. Get ɗaya ne tak, yana kallon babban titi. Ɓangaren da ke kallon gidajenmu bango ne tun daga wannan kusurwa har waccan, babu ko ƙaramar ƙofa. Tsakanin benayen an shimfiɗa wurin ajiye motoci. Babu shago, babu rumfa, babu wurin ibada, babu filin yara in ban da wata 'yar ciyawa kusa da ɗakin mai gadi.

Matsala ta farko ita ce hanya. Kowa ya san hanyar ƙafa da ta ratsa filin nan. Ta nan yaranmu ke bi su tafi makaranta, ta nan mata ke bi su je kasuwa, ta nan masu tura ruwa a kura ke wucewa, ta nan muke ɗaukar gawa idan an yi rasuwa. A zanen babu wannan hanya, katanga ta haɗiye ta. Ke nan yaro ɗan firamare sai ya zagaya ta babban titi, inda danfo da tirela da Keke Marwa ke rige-rige. Da na tambayi wakilin kamfanin, sai ya ce hanyar ba ta cikin taswirar da aka ba su. Gaskiya ne, ba ta ciki. Amma ƙafafun mutane sun yi shekaru suna zana ta a ƙasa, kuma da mai zanen ya zo ya tsaya a wurin da ƙarfe bakwai na safe ko sau ɗaya, da ya gan ta.

Matsala ta biyu ruwa ne, kuma ita ta fi tayar mini da hankali. Filin nan yana ƙasa da titi. Idan aka yi ruwa, nan ne yake taruwa, ƙasa ta shanye shi a hankali. Shirin kamfanin shi ne a cike filin da yashi da jar ƙasa, a ɗaga shi sama da unguwar, a shafe shi da kankare da bulon daɓe. To ruwan da ƙasa ke shanyewa ina zai tafi? Ba sai ka yi karatun injiniya ba. Ruwa gangare yake bi, kuma gangaren mu ne. A zanen, kwatocin cikin rukunin duk sun haɗu sun zuba a ƙaramar kwatar layinmu, wadda ko yanzu ruwan awa ɗaya ke cika ta. Mu a Agege ba labarin ambaliya ake ba mu ba. Ba mu manta yadda ruwa ya tafi da motoci da mutane a Oko-Oba a watan Yulin 2022 ba. Duk damina, musamman Yuni da Yuli, akwai gidajen da ake kwana ana kwalfe ruwa da bokiti. Idan sabon rukunin ya zauna a tudu ya bushe, mu kuma katifunmu suka jiƙe, to an sauƙaƙa wa wasu ne da wahalarmu.

Matsala ta uku ita ce rashin wurin sana'a. Wai talakan da ake zana wa gidan nan, me yake yi ne da safe? Talakan Agege mai shayi ne, mai kayan miya, tela, mai wanki da guga, mahauci, mai gyaran waya, mai sayar da goro. Matarsa tana soya ƙosai ko tana kitso ko tana sayar da kayan yara a ƙofar gida. Inda yake kwana da inda yake neman abinci ba su da nisa da juna, sau da yawa ma wuri ɗaya ne. Idan ka ɗauke shi ka kai shi hawa na huɗu, ka kafa dokar cewa ba a ciniki a cikin rukuni, ka ba shi wurin kwana ka ƙwace masa wurin cin abinci. Da me zai biya ka kuɗin wata?

Ba sai mun yi nisa ba wajen neman darasi. Marigayi Alhaji Lateef Jakande, wanda ya mulki Legas daga 1979 zuwa 1983, ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a Abesan, Iponri, Amuwo-Odofin, Isolo da sauran wurare, har da nan kusa da mu a Pen Cinema. Har gobe ana yi masa addu'a saboda ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa na gaske sun samu. Amma ku shiga waɗannan rukunai yau ku duba. Za ku ga kwantena an mayar da ita shago, za ku ga baranda an toshe ta da bulo ta zama kanti, za ku ga rumfuna a kan kwata. Haka abin yake a Festac da aka gina domin bikin 1977. Mutane ba don rashin tarbiyya suka yi haka ba. Buƙata ce ta sa. Duk abin da zane ya ƙi tanadar wa mutane, za su ƙara shi da kansu, kuma za su ƙara shi a hargitse. Shekara arba'in da wani abu ana ganin wannan, amma har yanzu ana zana mana rukuni babu shago ko ɗaya. Da an jera ƙananan shaguna a hawan ƙasa suna kallon layinmu, da an samu abu uku a lokaci guda: wurin sana'a, kuɗin haya da za a riƙa gyaran rukunin da shi, da fitila da idon mutane a kan layin da dare.

Matsala ta huɗu tana cikin gidan kansa. Ƙofar kowane filat tana buɗewa kai tsaye cikin falo, kuma daga falon ana hango kicin da ƙofar ɗakunan kwana. Baƙo namiji ya shigo, matar gida ba ta da inda za ta bi. Babu wurin shanya, babu wurin wanki, kicin ɗin kuwa mutum biyu ba za su tsaya a ciki ba. Tagogin ƙanana ne kuma yawancinsu a bango ɗaya suke, iska ba za ta ratsa ba. A gari mai zafi da gumi irin Legas, inda wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, ɗakin da iska ba ta ratsawa tanda ne. Mai kuɗi zai sa na'urar sanyaya ɗaki da janareta. Talaka fa? Sannan ga tsofaffi da masu lalura da mata masu juna biyu, babu wata magana a kan a ware musu hawan ƙasa. Ranar da famfo ya ƙi, wa zai hau da jarka zuwa hawa na huɗu?

Na san abin da wasu za su ce: Sakatare yana so a gina masa Kano a cikin Legas, da zaure da soro da tsakar gida. A'a. Ban nemi a yi wa kowane filat zaure ba, na san tsadar ƙasa a garin nan. Abin da na nema ɗan lungu ne ko bango mai tsawon taku biyu tsakanin ƙofa da falo, da fili ɗaya a tsakiyar kowane jerin benaye wanda mota ba ta shiga, inda yara za su yi wasa, a yi suna, a yi zaman makoki. Kuma wannan ba buƙatar Bahaushe ce shi kaɗai ba. Maƙwabtanmu Yarbawa su ma gidansu na gado, wanda suke kira agbo ile, ɗakuna ne kewaye da tsakar gida. Duk Asabar kuna ganin yadda ake tare layi da rumfa da kujeru saboda biki, don babu inda za a yi shi. A taron nan, wadda ta fi kowa ɗaga murya a kan maganar kwata wata dattijuwa ce Bayarabiya, wanda ya fara tambaya a kan shaguna kuma wani ɗan kasuwa ne Ibo. Ruwa idan ya shigo layi ba ya tambayar yare.

Wasu za su ce katanga tsaro ce. Ban musa ba, kuma ban ce a bar rukunin a buɗe kamar kasuwa ba. Amma ku tambayi duk wanda gidansa ke bayan doguwar katangar wata ma'aikata ko makaranta yadda wurin ke zama. Nan ake zubar da shara, nan ake fitsari, nan ɓata-gari ke fakewa da dare, saboda babu ƙofa babu taga babu mai gani. Katangar da aka zana za ta tsare na ciki, ta mayar da layinmu lungu. Ƙofar ƙafa guda biyu da mai gadi, a buɗe da asuba a rufe da dare, da shaguna a jikin bangon, sun fi bango tsirara amfani ga na ciki da na waje.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ta rabuwa da maganar zane. Kalmar sauƙi tana da daɗin rubutawa a allo, amma sauƙi ga wa? Mu ɗauki tsarin gwamnatin jiha na biyan haya har gida ya zama naka, wanda yana cikin mafi sassauci da ake da su: ka ajiye kashi 5 cikin ɗari, ka biya sauran cikin shekara 10, kuma abin da kake biya a wata kada ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na samunka. Mafi ƙarancin albashi da Legas ta sanar a 2024 naira 85,000 ne. Kashi ɗaya cikin uku nasa kusan naira 28,000 ke nan. Ka ninka shi sau wata 120, ba ka kai naira miliyan uku da rabi ba, tun ba a sa kuɗin ruwa ba. Wane filat mai ɗaki uku da falo ne za a gina a Agege yau a sayar a wannan farashi? Babu shi. Saboda haka duk wanda ya zana rukuni babu ɗaki ɗaya da falo, babu ɗaki guda mai kicin da banɗaki, amma ya ware wa kowane gida wurin mota, ya riga ya faɗa mana wanda yake jira. Mai mota yake jira. Ba laifi ba ne a gina wa mai mota gida, amma a daina sa sunan talaka a allo. Sauƙin gida daga zane yake farawa: girman ɗaki, irin kayan da aka sa, yawan ƙasar da aka ba mota maimakon mutum. A bar wa mai saye ya sa tayil da silin na ado da kansa idan Allah Ya hore masa.

Kuma akwai abin da ke biyo bayan irin wannan gini wanda ba a rubuta shi a zane. Idan rukunin masu hali ya tsaya a bayan unguwa, masu gidajen haya na kusa sukan ga dama ta zo. A ƙara haya, a ba da notis, a rushe gidan ɗakuna a jere a gina filat. Wanda aka ce an zo taimaka wa shi ne zai fara kwashe kayansa ya nufi Sango-Ota ko Agbado. Legas ta ga wanda ya fi wannan muni a 1990, lokacin da aka rushe Maroko aka watsa dubban ɗaruruwan mutane, wurin ya koma hannun masu kuɗi. Ban ce abin da ake shirin yi mana ke nan ba. Na ce dai talaka a garin nan yana da dalilin buɗe ido idan ya ga an kawo katafila kusa da shi.

Yanzu bari in juyo gida, don idan na tsaya a kan kamfani kaɗai ban yi adalci ba. Ranar taron, mu da muka je daga al'ummarmu ba mu cika benci biyu ba. Gaskiya ne an sa taron da safe a ranar aiki, lokacin da kowa ke kasuwa, kuma da Turanci aka yi shi daga farko har ƙarshe. Wannan kuskurensu ne, na kuma faɗa musu. Amma sanarwa ta zo, na karanta ta a masallaci, na tura ta a WhatsApp. Da rabon shinkafa aka ce za a yi, da ba a samu wurin zama ba. Masu cewa mu baƙi ne ba ruwanmu, ina tambayarku: wane irin baƙo ne kakansa ke kwance a maƙabartar garin? Iyayenmu sun zauna a Agege sama da shekara ɗari, tun zamanin da ake loda goro a jirgin ƙasa zuwa Arewa. A nan aka haifi da yawanmu, a nan muke biyan haya da haraji da kuɗin shara, a nan muke zaɓe. Idan kai ka ɗauki kanka baƙo, kada ka yi fushi ranar da aka yanke shawara a kan ƙofar gidanka ba a tambaye ka ba.

Masu cewa a tara matasa a hana aiki, ku ma ku saurare ni. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta rasa komai. Ranar da aka jefa dutse ɗaya, maganar kwata da hanya ta mutu, labari ya koma Hausawa sun tayar da rikici. 'Ya'yan talakawa ne za su kwana a sel, ginin kuma a yi shi yadda aka zana, da 'yan sanda a bakin get. Ƙungiya ba ta tare da duk wanda ya ɗauki wannan hanya. Muna da hujja, kuma hujja a takarda take aiki.

Ga abin da kwamiti ya amince mu nema a rubuce, tare da ƙungiyar ci gaban unguwa ta CDA da maƙwabtanmu na kowane yare:

1. A bar hanyar ƙafa ta ratsa rukunin, da ƙofa a kowane ɓangare, a buɗe daga asuba zuwa dare.

2. Kafin a zuba tifa ɗaya ta yashi, a nuna mana a rubuce inda ruwan rukunin zai bi. A faɗaɗa kwatar layinmu ko a ja tasu dabam zuwa babbar magudana, kuma a bar wani ɓangare na filin ba kankare.

3. A mayar da bangon da ke kallonmu jerin ƙananan shaguna, a fara ba masu sana'ar da ke bakin filin yanzu damar kamawa.

4. A rage wurin motoci, a sa gidaje masu ɗaki ɗaya da falo da masu ɗaki guda a cikin zanen, da tagogi ta ɓangare biyu.

5. A ware fili na jama'a da wurin ibada ga Musulmi da Kirista, a ware hawan ƙasa ga tsofaffi da masu lalura.

6. A ware wani kaso ga mazauna unguwar, a karɓi shaidar ciniki da ta banki daga wanda ba shi da takardar albashi.

7. A sake kiran taro ranar hutu, da tafinta na Hausa da Yarbanci.

Babu ɗaya a cikin waɗannan da zai hana kamfani cin riba. Wasu ma, kamar shaguna, ƙara masa za su yi.

Abin da ya rage namu ne. Ranar Lahadi mai zuwa bayan sallar La'asar za mu haɗu a ofishin ƙungiya domin sa hannu a takardar. Duk mai hoto ko bidiyon ambaliyar layinmu a wayarsa ya zo da shi, za mu haɗa da takardar. Iyaye mata, ku ne kuka fi kowa sanin wahalar ruwa da hanyar makaranta, an tanadar muku wurin zama kuma za a ba ku dama ku yi magana. 'Yan uwanmu magina, masu aikin famfo da waɗanda suka karanta zanen gini, muna buƙatar ku a gaba. Wanda kuma yake da niyyar neman gida a wannan rukuni ko wani, ya je ya yi katin zama ɗan Legas na LASRRA, ya gyara takardar harajinsa tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya zana gidajen nan zai karɓi kuɗinsa ya tafi wani aikin. Mu ne za mu zauna da katangar, mu da 'ya'yanmu. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa ɗan'uwansa, wanda bai iya karatu ba a karanta masa.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya rufa mana asiri, Ya hore wa kowa muhallinsa. Amin.

Naku,
Sakataren Ƙungiya